Shire

Shire tsohuwar kalmar Turanci ce da ke nufin yankin ƙasa mai iyaka wanda ake mulka a madadin sarki, kusan abin da Bahaushe zai kira lardi ko babbar gunduma. Idan ta tsaya ita kaɗai ana furta ta kamar "shaya", amma a ƙarshen sunan wuri, kamar Yorkshire ko Hampshire, Turawan Ingila sukan gajarta ta ta koma "sha". Kamannin da take yi da "shiyya" a kunnen Bahaushe katari ne kawai.

Asalin kalmar

Ta fito ne daga scir ta tsohon Turanci. Da fari ma'anarta muƙami ne ko aikin kula da aka ɗora wa wani, daga baya sunan ya sauka a kan ƙasar da mai muƙamin yake kulawa da ita. Tsohon Jamusanci yana da kalma mai kama da ita, scira, mai ma'anar kulawa. An daɗe ana cewa tushenta ɗaya da kalmar Turanci ta yanka ko rabawa, wai don yanki yankakke ne, amma yawancin masana harshe ba su karɓi wannan ba.

Tarihi

Tsarin ya fara ne a daular Wessex da ke kudancin Ingila, wataƙila tun ƙarni na 8. Hampshire na cikin waɗanda aka fara ambata a rubuce, a labarin wani abu da ya faru wajen shekarar 755, kuma sunanta daga garin Hamtun yake, wato Southampton ta yau. Da sarakunan Wessex suka ƙwace tsakiyar Ingila daga hannun 'yan Denmark a ƙarni na 10, sai suka tafi da tsarin can. Kowane yanki aka ɗaura shi a kan gari mai ganuwa ya ɗauki sunansa, shi ya sa ake da Nottinghamshire da Leicestershire da Bedfordshire. Ba duka suka ɗore ba: Winchcombeshire an haɗe ta cikin Gloucestershire wajen 1017. Yankunan da tun asali masarautu ne masu cin gashin kansu, irin su Kent da Essex da Sussex, sun riƙe sunayensu ba tare da wannan jela ba.

A ƙarƙashin kowane shire akwai ƙananan gundumomi da ake kira hundred, wato ɗari, bisa lissafin ƙasar da za ta ciyar da gidaje ɗari, ko da yake lissafin bai cika faɗawa daidai ba. Kotun ƙaramar gunduma takan zauna duk mako huɗu. Ta shire kuwa sau biyu a shekara, bishop da babban basaraken yankin suna gaba, masu ƙasa suna kewaye, a yi shari'ar gona da gado, a karanta saƙon sarki.

Aikin yau da kullum yana hannun wakilin sarki, scirgerefa, mai tara haraji da tsare doka. Sunansa ne baki ya tauna har ya zama sheriff, muƙamin da ake ji a Amurka har gobe. Ba shi da dangantaka da Sharifi na Larabci.

Bayan da Normawa, mutanen Normandy ta arewacin Faransa, suka ci Ingila a 1066, harshen fada ya koma Faransanci, sai kalmar county ta maye gurbin shire a bakin hukuma. Iyakokin dai ba a cika taɓa su ba, kuma ƙidayar ƙasa da dukiya da Sarki William ya sa aka yi a 1086 yanki-yanki aka bi. Lancashire ta zo a makare, sai a ƙarni na 12.

Wajen Ingila

A 1634 an raba mazaunin Turawa na Virginia da ke Amurka ta yau zuwa shire takwas, ba a jima ba aka koma kiransu county. A Ostareliya har yanzu ƙananan hukumomin karkara da yawa da wannan suna suke tafiya.

Amfani a yau

Gyaran ƙananan hukumomi na 1974 ya sauya iyakoki da dama a Ingila. Kalmar ta fi rayuwa a sunayen wurare, da kuma sunan wani irin ƙaton dokin jan kaya.