Za a iya hukunta ni a wurin aiki kan abin da na rubuta a shafina?

Wannan tambayar ta ishe ni. Masu gabatar da shiri a rediyo, malaman jami'a, masu taimaka wa 'yan siyasa, kowa ya ritsa ni a garin Katsina sai ya ɗauko ta, don sun san na daɗe ina zama a kwamitin ladabtar da ma'aikata. Ga amsoshin nan na tara wuri guda. Wanda ya sake tambaya, nan zan turo shi.

Wayata ce, datata ce, shafina ne. Ina ruwan wurin aikina?

Wayarka ce, ba musu. Amma dubban da ke bin ka ba don kyawunka suke bin ka ba. Muryarka suka ji a rediyo, ko sun san kujerar da kake kai. Da sunan gidan ka tara su, to gidan yana da ta cewa.

Ba tsarin mulki ya ba ni 'yancin magana ba?

Ya ba ka, a sashe na 39 na kundin 1999. Ka daure ka karanta har sashe na 45, inda aka yarda a taƙaita wannan 'yanci don zaman lafiya da kare haƙƙin wasu. Kuma ba inda kundin ya ce dole wani ya ci gaba da biyan ka albashi kana kunyata shi.

Ai na rubuta a saman shafi cewa ra'ayina ne ni kaɗai.

Madalla. Ba ya kare ka daga komai.

Wato dai kana bayan masu korar mutane ke nan?

Haba Malam, ka bari in gama. Abin da na tsaya a kai shi ne, mai aiki yana da hurumin hukunta ka idan maganar ta taɓa aikin da yake biyan ka dominsa, kuma dokar tana rubuce tun kafin ka yi magana. Mai karanta labarai da ya fito yana tallar ɗan takara ya ɓata aikinsa, don gobe ba wanda zai yarda da labarin da ya karanta. Malamin da ya zagi wata ƙabila alhali 'ya'yanta na cikin ajinsa, shi ma haka. Amma wanda ya koka kan ramin hanya ko tsadar taki, aka kore shi don ran wani babba ya ɓaci, wannan zalunci ne, ko da wane suna aka kira shi.

Ku dubi Gary Lineker, wanda ya daɗe yana gabatar da shirin ƙwallo a talabijin na BBC, tunda duk kuna kallon ƙwallon Ingila. A Maris na 2023 ya soki manufar gwamnatin Birtaniya kan masu neman mafaka a Twitter, ya kamanta kalamanta da na Jamus a shekarun 1930. BBC ta dakatar da shi. Masu sharhin shirin, Ian Wright da Alan Shearer, suka ce su ma ba za su shiga shirin ba, aka watsa shi minti 20 babu sharhi, kwana uku aka maido shi. Me ya kada BBC? Dokarta ba ta fito fili ba game da wanda ba ɗan jaridar labarai ba ne, sai daga baya ta zauna ta sake rubuta ta. A Mayu na 2025 kuma ya yaɗa wani saƙo mai hoton ɓera da aka ɗauka cin zarafin Yahudawa ne, ya nemi afuwa, ya bar aikin. Mutum ɗaya, gida ɗaya, amma maganganun biyu ba nauyinsu ɗaya ba.

To Dawisu fa?

Kullum sai an kawo shi. Salihu Tanko Yakasai, wanda aka fi sani da Dawisu, ya kasance mai taimaka wa Gwamna Ganduje na Kano a lokacin. An dakatar da shi a Oktoba na 2020 kan sukar Shugaba Buhari, aka sallame shi a Fabrairu na 2021 bayan abin da ya rubuta da aka sace 'yan matan Jangebe. Muƙamin siyasa ne, wanda ya naɗa ka yana iya sauke ka da safe ko da yamma. Kada ma'aikacin da ya shiga ta hukumar ɗaukar ma'aikata ya auna kansa da wannan, kada kuma mai muƙamin siyasa ya zaci yana da kariyar ma'aikaci.

Na riga na rubuta, an ba ni takardar tuhuma. In goge? In nemi afuwa? In yi shiru?

Yauwa, wannan ce tambayar da ta cancanci a zauna. Kwantar da hankalinka tukuna, ƙanena, takardar tuhuma ba kora ba ce, dama ce aka ba ka ka kare kanka. Amma ba ni da amsa guda da za ta yi wa kowa, don ya danganta da irin aikinka, da abin da ka rubuta, da abin da takardar ta ce ka yi.

Batun gogewa, ni dai na fi karkata ga a goge idan maganar tana iya tada husuma, musamman in ta shafi addini ko ƙabila, domin a nan ranka ake magana ba albashi ba. Amma kafin ka goge, ɗauki hoton rubutun gaba ɗaya da ranarsa da abin da kake mayar wa martani. Su sun riga sun ɗauka, kuma sau da yawa layi guda suka yanko. In ka goge ba ka ajiye naka ba, nasu ne kawai zai je gaban kwamiti. In kuwa sukar da ka yi mai tsabta ce, ba zagi ba ƙarya, gogewa cikin gaggawa tana iya zama kamar ka amsa laifi. Ba kullum ba, amma na ga an karanta ta haka. Wani lokacin rufe rubutun daga idon jama'a ya wadatar.

Neman afuwa ya fi wuya. A garin nan mun saba a je da dattijo a ba da haƙuri, kuma sau tari hakan na kashe wuta fiye da kowace takarda. Ban hana ka ba. Sai dai haƙurin baki a falo daban, afuwar da ka sa wa hannu daban, ita tana shiga fayil ɗinka ta zauna. In za ka rubuta, ka nemi afuwa kan abin da ka tabbata kuskure ne, misali kaushin harshe, ba tare da ka amsa laifin da ba ka yi ba. Ka nuna wa lauya ko wakilin ƙungiyarku kafin ka miƙa.

Shiru ne kaɗai zan ce maka kai tsaye kada ka yi. Amsa a cikin wa'adin da aka ɗibar maka, galibi kwana biyu ko uku ne, a rubuce, ka karɓi shaidar an karɓa. Ka tambaye su cikin ladabi wace doka ka karya, a wane shafi take. Za ka sha mamakin yawan waɗanda ba su da amsar wannan. Idan kai ma'aikacin gwamnati ne ko na jami'ar gwamnati, aikinka doka ce ta kafa shi, dole a bi matakai a saurare ka, in aka tsallake kotu na iya maido ka kan kujerarka. Sai dai dokokin aikin gwamnati sun hana fitar da takardun ofis da bayanan sirri, in wannan ka yi, hanyarka ta ƙuntace ƙwarai. A kamfani mai zaman kansa kuwa, galibi diyya ake samu ba komawa aiki ba, kuma abin da ke cikin takardar ɗaukarka shi zai yi magana. Shari'ar irin wannan Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ake kai wa, tana da reshe a Kano. Ana cin nasara kuwa. Ko a Jamus, kulob ɗin Mainz ya soke kwantiragin ɗan wasansa Anwar El Ghazi a Nuwamba na 2023 kan rubutunsa game da Gaza, kotun ma'aikata ta ce a Yuli na 2024 korar ba ta halatta ba. Amma ka lura, wata takwas ya jira, kuma shi yana da abin biyan lauya. Auna aljihunka da iyalinka kafin ka ce sai kotu.

Abu na ƙarshe a nan: kada ka ɗauki takardar tuhumar ka manna a Facebook kana neman 'yan goyon baya. Laifi na biyu ke nan, kuma shi ba ya bukatar bincike.

Ba ni na rubuta ba, wani ne ya yi sharhi a ƙasan hotona.

Goge sharhin da zarar ka gani. Rahama Sadau ta sha wannan a Nuwamba na 2020, wani ne ya yi ɓatancin a ƙarƙashin hotunanta, amma ita aka yi wa ca har ta fito ta nemi afuwa.

A zauren WhatsApp na 'yan ajinmu ne kawai, mu ya mu.

To wa ya kai wa shugabanka? Aljani?

Hajiya ta ce ita tsoffin rubuce-rubucenta take tsoro, na kafin ta sami aikin.

Hajiya, ki zauna wata Asabar ki share su. A gaskiya ba adalci ba ne a hukunta ki kan abin da ya riga dokar wurin, amma masu tono ba adalci suke nema ba.

Ana iya kama ni?

Wannan ba aikin shugabanka ba ne, na hukuma ne. Akwai sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015, wanda aka rage wa faɗi a gyaran 2024, kuma ɓata suna laifi ne a Final Kod, wato kundin hukunta laifuka na jihohin Arewa. Nemi lauya.

Ni ne shugaban. Ma'aikacina ya soki gwamnati, an kira ni daga sama. Me zan yi?

Ranka ya daɗe, kana da rubutacciyar doka kan shafukan sada zumunta? Ka taɓa raba wa ma'aikata suka sa hannu? In babu, da me za ka hukunta shi? Sannan wancan ma'aikacin naka da ke kwana yana yabon gwamnati yana zagin 'yan adawa, ka taɓa ba shi takarda? In doka ta hana siyasa, ta hana su biyun ne. Kira yaron ka ji ta bakinsa, ka yi masa gargaɗi in ya cancanta. Wanda ya bugo maka waya ba zai sa hannu a takardar korar ba, kuma ranar da aka je kotu sunanka za a kira.