Wa Babban Bankin Amurka yake yi wa aiki? Abin da dokar 1977 ta ce

Sau takwas a shekara wasu mutane goma sha biyu na Babban Bankin Amurka kan zauna a Washington su kaɗa ƙuri'a kan kuɗin ruwa: a ƙara, a rage, ko a bar shi yadda yake. Abin da suka yanke yakan iso har kasuwar canji ta Wapa a Kano, ko da mai canjin bai taɓa jin sunan ɗaya daga cikinsu ba. Shi ya sa ya kamata a san abin da doka ta ce su duba kafin su yanke hukunci.

An kafa bankin, wanda ake kira Fed a taƙaice, a 1913. Amma aikin da ake auna shi da shi a yau ya fito ne daga gyaran da majalisar dokokin Amurka ta yi a 1977, lokacin da tsadar kaya da rashin aikin yi suka haɗu suka addabi ƙasar. Gyaran ya ɗora wa bankin abu uku: a samar wa jama'a aikin yi iya gwargwado, farashi ya daidaita, kuɗin ruwan bashin dogon zango kuma ya kasance mai sauƙi. Na ukun yakan biyo bayan na biyu da kansa, don haka aka saba cewa nauyi biyu ne a wuyansa. Jama'ar da ake magana a kansu Amurkawa ne, farashin ma na kasuwannin Amurka ne. Wannan sashe na dokar bai ambaci wata ƙasa ba.

Dokar ba ta faɗi adadi ba. Sai a watan Janairun 2012, zamanin shugabancin Ben Bernanke, bankin ya fito ya ce daidaiton farashi a wurinsa shi ne hauhawar kashi 2 cikin ɗari a shekara. Masu ƙuri'ar su ne gwamnoni bakwai da shugaban ƙasa ke zaɓa majalisar dattawa ta tabbatar, da shugaban reshen New York, da huɗu daga shugabannin sauran rassa goma sha ɗaya, bi da bi. Wa'adin gwamna shekara 14 ne, an tsawaita shi ne don kada zaɓe ya riƙa juya su. Sau biyu a shekara shugaban bankin yakan je gaban majalisa ya yi bayani, kuma 'yan majalisar ba za su tambaye shi halin da sidin Ghana ko naira ke ciki ba.

Da a ce dala kuɗin Amurka ne kawai, da babu ruwan kowa. To amma da ita ake cinikin ɗanyen mai, da ita ƙasashe da yawa ke cin bashi, ita ce fiye da rabin ajiyar da manyan bankunan duniya suka tara. Idan Fed ta ƙara kuɗin ruwa, mai jari da ya kai kuɗinsa Legas ko Accra don riba sai ya ga zai samu abin kirki a gida ba tare da fargaba ba. Sai ya sayar da naira ya sayi dala ya tafi. Dala ta yi tsada, bashin da aka ci da ita ya ƙara nauyi, kayan da ake shigowa da su suka tashi. An ruwaito cewa a 1971 sakataren baitulmalin Amurka, John Connally, ya faɗa wa takwarorinsa na Turai cewa dala kuɗin Amurka ce, amma matsalarta ta wasu ce.

Wanda ya fi nuna hakan a aikace shi ne Paul Volcker. Ya karɓi bankin a 1979, hauhawar farashi ta haura kashi 13 a 1980, shi kuwa ya ɗaga kuɗin ruwa har ya kai wajen kashi 20. Ya ci nasara, duk da cewa rashin aikin yi a Amurka ya haura kashi 10 a 1982. A watan Agustan wannan shekarar Meziko ta ce ba za ta iya biyan bashinta ba, sauran ƙasashen Latin Amurka suka biyo baya. A Najeriya faɗuwar farashin mai ce babbar masifar lokacin, amma tsadar bashi ta ƙara mata gishiri, daga tsuke bakin aljihun Shagari har zuwa shirin SAP na Babangida a 1986. A ma'aunin dokar 1977, Volcker bai yi laifin komai ba.

Masu riƙe da manyan bankunan wasu ƙasashe sun sha kokawa. A 2013 Bernanke ya nuna alamar za a rage kuɗin da ake zubawa a kasuwa, alama kawai, sai ga kuɗin Indiya da Brazil da Turkiyya da Afirka ta Kudu sun zube. Farkon 2014 gwamnan Babban Bankin Indiya, Raghuram Rajan, ya ce haɗin kan duniya kan harkar kuɗi ya wargaje. Amsar da shugabannin Fed suka saba bayarwa ita ce, lafiyar tattalin arzikin Amurka alheri ce ga kowa, kuma suna lura da waje idan abin da ke faruwa can zai dawo ya shafe su. Rabin farko akwai gaskiya a ciki, don da an bar dala ta lalace da kowa ya ji a jikinsa. Rabi na biyun kuwa shi ne ainihin magana: ƙasa tana shiga lissafi ne gwargwadon yadda rushewarta za ta taɓa Amurka. So duk so ne, amma son kai ya fi, kuma a nan doka ce ta wajabta shi.

Ana ganin wannan a yarjejeniyar musayar kuɗi, wadda Fed ke ba wani babban banki dala kai tsaye idan kasuwa ta ƙafe. Bankuna biyar ne ke da ita dindindin: na Kanada, Ingila, Japan, Suwizalan da na Tarayyar Turai. A watan Maris na 2020, da korona ta ɓarke, an ƙara tara na wucin gadi, ciki har da Brazil da Meziko da Koriya ta Kudu. Babu na Afirka ko ɗaya.

Da hauhawar farashi a Amurka ta kai kashi 9.1 a watan Yunin 2022, bankin ƙarƙashin Jerome Powell ya ɗaga kuɗin ruwa daga kusan sifili zuwa sama da kashi 5 cikin ƙasa da shekara ɗaya da rabi. A watan Disambar 2022 Ghana ta dakatar da biyan mafi yawan bashinta na waje. Ta ci bashi fiye da kima tun kafin nan, amma rufewar kasuwar bashi ce ta ƙarasa ta.

Gwamnan Babban Bankin Najeriya ba shi da wannan gatan na kallon gida kaɗai. Dokar bankin ta 2007 ta ɗora masa daidaita farashi, ta kuma ce ya riƙe ajiyar kuɗin waje don kare darajar naira. Wato doka da kanta ta juya fuskarsa waje. Daga kashi 11.5 a farkon 2022, bankin ya kai kuɗin ruwansa kashi 27.5 a watan Nuwambar 2024, saboda tsadar gida da kuma neman jawo masu dala su dawo. A Nijar kuma sefa ɗaure take da yuro, sefa 655.957 a yuro ɗaya, don haka BCEAO, babban bankin ƙasashen Afirka ta Yamma masu sefa da ke Dakar, ya fi kasa kunne ga abin da aka yanke a Frankfurt, mazaunin Babban Bankin Tarayyar Turai.