Waiwaye: Yadda na'urar farfaɗo da zuciya ta ƙanƙance

A ranar 4 ga Fabrairun 1980 aka fara dasa wa ɗan Adam na'urar farfaɗo da zuciya, a asibitin Johns Hopkins da ke Amurka. Aikinta shi ne gadi: da zarar zuciya ta rikice ta koma karkarwa maimakon bugawa, sai ta sakar mata wutar lantarki, ta dawo kan hanya. Dakta Michel Mirowski ne ya ƙirƙiro ta tare da Morton Mower, bayan mutuwar fuju'a ta ɗauke malaminsa.

Ta farkon nan katuwa ce, nauyinta ya haura giram 200. A ƙarƙashin fatar ciki ake binne ta, kuma dole a tsaga ƙirji kafin a manna wayoyinta a jikin zuciya. Batirin kuwa da kyar yake kai shekara 3. Sai a 1985 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da ita.

Daga 1990 zuwa sama aka koma zura waya ta jijiyar jini, aka kuma gano cewa in wutar ta juya akala ana tsakiyar sakinta, kaɗan ma ta wadatar. Wannan ya rage girman batir da ma'ajiyar wuta, na'urar ta hau ƙirji kusa da kafaɗa. Galibin na yanzu ba su kai giram 100 ba, wasu suna shekara 10.

Ƙanƙanta ma tana da nata tarkon. A 2007 kamfanin Medtronic ya janye siririyar wayarsa Sprint Fidelis saboda tana karyewa. Damuwa da wayoyi ce ta haifar da na'urar da ake shimfiɗa wayarta ƙarƙashin fata ba tare da taɓa zuciya ba, wadda Amurka ta amince da ita a 2012, sai dai ta fi girma.

A Sakkwato, ni a ganina, daɗewar batir ta fi ƙanƙanta muhimmanci. Likitocin Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo sun daɗe da nuna yawan ciwon zuciyar da ke kama masu jego a yankin nan, galibinsu mata masu ƙuruciya. Wadda zuciyarta ta ƙi murmurewa har aka dasa mata na'ura tana da shekara 25, za ta sha canji sau da yawa, domin ba a cajin batirin, ba a kuma cire shi shi kaɗai. Duk canji sabuwar na'ura ce da sabuwar tiyata, ga haɗarin ƙwayoyin cuta, ga kuɗin da sai dangi sun yi karo-karo, wani lokaci har a sayar da gona.