Bright Star, gidan abincin Girkawa na garin Bessemer

Bright Star gidan abinci ne a Bessemer, wani ƙaramin gari a jihar Alabama ta ƙasar Amurka, kimanin kilomita 25 kudu maso yamma da birnin Birmingham. An buɗe shi a 1907, kuma ana yi masa kallon gidan abinci mafi daɗewa a jihar. Tun kafuwarsa yana hannun dangi 'yan asalin ƙasar Girka, waɗanda tushensu ƙauye ɗaya ne, wato Peleta, a tsaunukan yankin Peloponis da ke kudancin Girka.

Garin da masu zuwa

Bessemer gari ne da ƙarfe ya haifa. Attajiri Henry DeBardeleben ya kafa shi a 1887, ya sa masa sunan Henry Bessemer, Baturen Ingila da ya ƙirƙiro hanyar sarrafa ƙarfe mai yawa cikin arha. Ƙasar yankin tana da tama da kwal da farar ƙasa kusa da juna, don haka masana'antu suka taso, ma'aikata suka yi ta kwarara, kuma kowannensu na bukatar inda zai ci abinci kafin ya shiga aiki ko bayan ya tashi.

A daidai lokacin ne ƙauyukan kudancin Girka ke cikin ƙunci. Gwamnatin ƙasar ta kasa biyan bashinta a 1893, farashin zabibi, wanda manoman Peloponis suka dogara da shi, ya faɗi warwas. Samari dubu ɗaruruwa suka tsallaka teku zuwa Amurka tsakanin shekarun 1890 da farkon 1920, kafin dokar shige da fice ta 1924 ta kusan rufe musu ƙofa. Da yawansu da tallar 'ya'yan itace ko alewa suka fara, ko wanke kwanuka. Wanda ya tara ɗan jari sai ya kama shago, ya aika gida a turo masa ƙane ko ɗan 'yar'uwa. Ta haka Girkawa suka mamaye sana'ar abinci a Birmingham da kewayenta.

Kafuwa da gado

Tom Bonduris ne ya buɗe Bright Star. Da farko wuri ne mai kujeru 25 kacal, da kanta mai lanƙwasa irin ta kofaton doki. Ciniki ya sa aka yi ta sauya wuri, har a 1915 aka tare a ginin da gidan yake a yau, a kan titi na 19 a tsakiyar garin. Zanen da ke jikin bangon babban ɗakin cin abinci na wancan zamanin ne. Hayaƙin taba na shekaru ya duhunta shi kafin daga baya a wanke a gyara.

A shekarun 1920 wasu 'yan'uwa biyu daga Peleta, Bill da Pete Koikos, suka sayi kaso a cikin sana'ar. Daga ƙarshen shekarun 1960 'ya'yan Bill, wato Jimmy da Nicky Koikos, suka karɓi ragama, kuma a zamaninsu aka yi ta ƙara ɗakuna har wurin ya kai ɗaukar mutum 330. Jimmy, wanda aka san shi da tsayawa bakin ƙofa yana gaisawa da baƙi da sunayensu, ya rasu a 2019.

Abin lura a nan shi ne yadda gadon yake tafiya. Ba lallai daga uba zuwa ɗa ba: wani lokaci ɗan'uwa ne, wani lokaci ɗan garinsu da ya fara daga share tebur. Wannan faɗin zumunci ya fi komai bayyana dalilin da gidan bai mutu da wanda ya kafa shi ba, alhali yawancin irinsa sukan rufe da zarar jikoki sun yi karatu sun kama aikin ofis.

Abincin

Wanda ya shiga yana tsammanin abincin Atina zalla zai yi mamaki. Masu ciniki na farko leburorin ma'adinai ne da ma'aikatan jirgin ƙasa, kuma abincin jihohin kudancin ƙasar Amurka suka sani: nama ko kifi da kayan lambu kala biyu ko uku, burodin masara, soyayyar kaza. Girkawan suka koyi dafa wannan, sannan suka sa hannunsu a kai. Hannun kuwa abu uku ne, man zaitun da lemon tsami da ganyen ƙamshi mai suna oregano. Abincin da ya fi fito da sunan gidan shi ne jan kifin teku da ake kira snapper, wanda ake kawowa daga Tekun Meksiko, a yanka a ɗakin girkin gidan, a gasa, a kwarara masa wannan haɗi. Ba a zubar da naman wuyan kifin, wanda wasu ke yarwa. Ana soya shi, kuma akwai masu zuwa takanas dominsa. Akwai kuma tsokar naman sa da ake jiƙawa a irin wannan haɗi kafin gashi, da gumbo, miya mai kauri ta kifi da jatan lande wadda ake ci da shinkafa, asalinta daga jihar Louisiana.

A ganin mai wannan rubutu, kuskure ne a ɗauki wannan a matsayin abincin Girka da aka gurɓata. Girki ne na kansa, wanda baƙi suka gina da abin da suka tarar a kasuwar garin.

Zamanin wariya da bayansa

Shekaru 57 na farkon gidan sun zo ne a zamanin wariyar launin fata, lokacin da gidajen abinci a Kudu ba sa zaunar da baƙar fata tare da farare, duk da cewa a wurare da yawa baƙaƙen ne ke girkin. Su kansu Girkawa ba su tsira daga ƙiyayya ba: barazanar Ku Klux Klan, ƙungiyar fararen fata masu tsananin wariya, na cikin dalilan da suka sa aka kafa ƙungiyarsu ta AHEPA a Atlanta a 1922. Dokar 'yancin jama'a ta 1964 ce ta haramta wariyar, kuma a kan wani gidan gashin nama na Birmingham Kotun Ƙoli ta tabbatar a wannan shekarar cewa dokar ta hau kan gidajen abinci.

Daga shekarun 1970 masana'antun ƙarfe suka fara durƙushewa, shagunan tsakiyar Bessemer suka yi ta rufewa, jama'a suka ragu zuwa kimanin 26,000 a ƙidayar 2020. Bright Star bai bi masu kuɗi zuwa sabbin unguwanni ba. Ya zauna a inda yake, ya koma dogaro da masu tuƙo mota daga Birmingham da Tuscaloosa, musamman a ranakun wasan ƙwallon jami'ar Alabama. A 2010 Gidauniyar James Beard, mai karrama masu sana'ar abinci a Amurka, ta ba shi lambar da take bai wa tsofaffin gidajen abinci na dangi masu martaba a yankunansu. Bayan rasuwar Jimmy, Nicky Koikos ya ci gaba da riƙe gidan tare da wani danginsu, Andreas Anastassakis, wanda shi ne shugaban masu girki.