Magoya bayan Green Bay Packers da ra'ayinsu kan 'yan wasa da harkar kuɗin NFL

Green Bay Packers ƙungiyar ƙwallon Amurka ce da ke garin Green Bay a jihar Wisconsin. Tana cikin ƙungiyoyi 32 da ke buga gasar NFL, babbar gasar ƙwararru ta wannan wasa a Amurka, kuma ita kaɗai ce a cikinsu wadda ba wani attajiri ko iyali guda ne ya mallake ta ba. Magoya bayanta ne masu ita, mutum sama da 530,000 da ke riƙe da hannun jari. Shi ya sa muhawarar da suke yi kan wanda za a ɗauka, da wanda za a sallama, da yadda hukumar gasar ke juya kuɗi, ta sha bamban da ta sauran garuruwa. A nan, wanda ke ƙorafi a bakin fili galibi yana da takardar shaidar mallaka rataye a bangon falonsa.

Asali da tsarin mallaka

Curly Lambeau da George Calhoun ne suka kafa ƙungiyar a 1919, da tallafin dala 500 daga kamfanin gwangwanin nama na Indian Packing, inda Lambeau ke aiki. Ta shiga gasar ƙwararru a 1921. Ba a jima ba bashi ya yi mata katutu, sai 'yan kasuwar garin suka mayar da ita kamfanin jama'a wanda ba na neman riba ba a 1923, suka sayar da hannun jari kan dala 5 kowanne. An sake sayarwa a 1935 da 1950 don ceto ta daga durƙushewa, sannan a 1997, 2011 da 2021 don gyaran filin wasanta na Lambeau Field. A karo na ƙarshe dala 300 ake sayar da hannun jari ɗaya, kuma an tara sama da dala miliyan 60.

Wannan hannun jari ba ya kawo riba, ba a sayar da shi a kasuwa, kuma ba ya ba mai shi tikitin shiga kallo. Ba a yarda mutum ɗaya ya riƙe fiye da 200,000 ba, don kada wani ya mamaye ƙungiyar. Abin da mai shi ke samu shi ne kujera a taron shekara da ake yi a cikin filin wasa a watan Yuli, da ƙuri'ar zaɓen kwamitin daraktoci mai mutum arba'in da 'yan kai. Daga cikinsu ake fitar da kwamitin zartarwa na mutum bakwai, wanda shugaban ƙungiya ke jagoranta. Mark Murphy ya riƙe wannan kujera daga 2008 har ya cika shekara 70 a 2025, shekarun da dokar ƙungiyar ta wajabta ritaya, sai Ed Policy ya gaje shi. Wanda ya san yadda mambobin Real Madrid ko Barcelona ke zaɓen shugabansu kai tsaye zai ga cewa ikon masu hannun jarin Packers bai kai nan ba. Ɗaukar ɗan wasa da sallamarsa aikin janar manaja ne, kuma ba a kaɗa ƙuri'a a kai.

Dokokin da ake muhawara a cikinsu

Ba a sayen ɗan wasa da tsabar kuɗi daga wata ƙungiya a NFL kamar yadda ake yi a ƙwallon ƙafa ta Turai. Hanyoyin samunsa su ne zaɓen shekara na matasan da suka fito daga jami'o'i, musanya tsakanin ƙungiyoyi, ko ɗaukar wanda kwantiraginsa ya ƙare. Zaɓen matasan zagaye bakwai ne, ana yin sa a watan Afrilu, kuma ƙungiyar da ta fi shan kashi a kakar da ta wuce ita ke fara zaɓa. Gurbin zaɓe kansa dukiya ne, ana iya bayar da shi a karɓi gogaggen ɗan wasa. Kafin a fara kaka, dole kowace ƙungiya ta rage 'yan wasanta zuwa 53.

Sai kuma iyakar albashi, wadda aka fara aiki da ita a 1994 kan dala miliyan 34.6 ga kowace ƙungiya. A 2025 ta kai dala miliyan 279.2. Kuɗin sa hannu da aka ba ɗan wasa akan raba shi a lissafi bisa shekarun kwantiraginsa, amma idan ya bar ƙungiyar kafin wa'adi, ragowar takan faɗo wa ƙungiyar a ka, ta cinye wani ɓangare na iyakar albashin alhali mutumin yana buga wa wasu. Magoya baya kan kira wannan mataccen kuɗi, kuma da yawansu sun san lissafinsa kamar yadda suka san sakamakon wasa.

Rigimar kwatabak

Babu matsayin da ya kai na kwatabak muhimmanci a wannan wasa, domin shi ke karɓar ƙwallo a farkon kowane hari, shi ke jefa ta, shi ke karanta tsaron abokan hamayya cikin daƙiƙa biyu ko uku. Manyan rigingimu biyu da suka raba kan magoya bayan Packers duk a kan wannan matsayi suka faru, kuma na biyun kusan maimaicin na farko ne.

Brett Favre ya zo daga Atlanta Falcons a 1992, bayan janar manaja Ron Wolf ya bayar da gurbin zagayen farko a kansa. Ya kai ƙungiyar ga lashe kofin Super Bowl, wato wasan ƙarshe na gasar NFL, na kakar 1996, na farko tun zamanin koci Vince Lombardi. A 2005, Favre na nan da ƙarfinsa, sabon janar manaja Ted Thompson ya zaɓi Aaron Rodgers a gurbi na 24. Rodgers ya yi shekara uku a benci. A watan Maris na 2008 Favre ya sanar da ritaya cikin hawaye, da bazara ta yi kuma ya ce ya fasa. Thompson da koci Mike McCarthy suka ce sun riga sun miƙa ragama ga Rodgers. Gari ya dare biyu. An yi gangami a harabar filin wasa ana neman a dawo da Favre, an yi wa Rodgers ihu a wajen atisaye, shi da ba shi da laifin komai. A watan Agusta aka tura Favre New York Jets. Shekarar da ta biyo baya ya koma Minnesota Vikings, maƙwabta kuma abokan gaba, kuma ranar da ya shigo Lambeau Field sanye da rigarsu, filin da ya daɗe yana yi masa kirari ne ya cika da ihun ƙi. A watan Fabrairu na 2011 Rodgers ya jagoranci ƙungiyar ta doke Pittsburgh Steelers da ci 31 da 25 ta ɗauki kofi. An sasanta da Favre a 2015, aka jingine lambar rigarsa ta 4 don girmamawa.

A 2020 tarihi ya maimaita kansa. Ƙungiyar ta ci wasa 13 cikin 16 a kakar 2019, saura wasa ɗaya ta kai Super Bowl San Francisco 49ers ta fitar da ita. Kusan kowa a garin na jiran a samo wa Rodgers mai cafe ƙwallo da zai taimaka wa Davante Adams, babban mai cafe ƙwallon ƙungiyar. Sai janar manaja Brian Gutekunst ya ƙara gurbin zagaye na huɗu a kan nasa na 30, ya hau zuwa na 26, ya zaɓi kwatabak Jordan Love daga jami'ar Utah State. A duk zagaye bakwai ɗin bai ɗauki mai cafe ƙwallo ko ɗaya ba. Masu suka suka ce an ɓarnatar da shekarun ƙarshe na gwarzon da ba a samun irinsa sau biyu. Masu goyon baya suka ce ƙaramin gari ba zai iya jira sai kwatabak ya tsufa sannan ya shiga neman magaji ba. Rodgers ya lashe kyautar gwarzon gasa a 2020 da 2021, abin da ya ƙara wa masu suka ƙarfi, amma a shekarun biyu ƙungiyar ta faɗi a gida a wasannin sili-ɗaya-ƙwale. An tura Adams Las Vegas Raiders a 2022, Rodgers kuma ya tafi Jets a Afrilun 2023, ya bar wa ƙungiyar mataccen kuɗi na kusan dala miliyan 40. Love, wanda shi ma ya yi shekara uku a benci, ya lallasa Dallas Cowboys da ci 48 da 32 a gidansu a Janairun 2024, kuma a watan Yuli aka ba shi kwantiragin shekara huɗu na dala miliyan 220.

Ba za a ce wannan ya nuna shugabanni ne kullum ke da gaskiya ba. A 1974 koci Dan Devine ya bayar da gurabun zaɓe biyar ya karɓo John Hadl, kwatabak mai shekara 34 da ƙarfinsa ya riga ya ƙare, kuma ƙungiyar ta daɗe tana ɗanɗana kuɗarta. A 1989 ta zaɓi Tony Mandarich a gurbi na 2, ta bar Barry Sanders, Derrick Thomas da Deion Sanders, waɗanda duk suka zama taurari. Haka kuma ƙorafin cewa kofi biyu kacal aka samu a shekara talatin na Favre da Rodgers ƙorafi ne mai tushe, bai kamata a yi watsi da shi a matsayin surutun 'yan kallo ba.

Raino ko ɗauko gogagge

Thompson ya yi suna wajen zaɓar matasa a raine su a gida, yana ƙyamar zuba kuɗi a kan waɗanda kwantiraginsu ya ƙare a wani wuri. Masu adawa da wannan tsari kan kafa hujja da Reggie White, wanda ya zo a 1993 kan dala miliyan 17 na shekara huɗu, da Charles Woodson da ya zo a 2006. Dukansu 'yan tsaro ne da aka ɗauko daga waje, kuma kowannensu na cikin ginshiƙan kofin da aka ci a zamaninsa. Wani tsohon ƙorafi shi ne cewa tun Javon Walker a 2002 ƙungiyar ba ta sake zaɓar mai cafe ƙwallo a zagayen farko ba. A Afrilun 2025, da aka yi taron zaɓen a garin Green Bay kansa, Murphy ya hau dandamali ya sanar da mai cafe ƙwallo Matthew Golden a gurbi na 23, kuma tun kafin ya kai ga sunan jama'a suka ɓarke da sowa. Wata huɗu bayan nan Gutekunst ya bayar da gurabun zagayen farko biyu da ɗan tsaronsa Kenny Clark ya karɓo tauraron ɗan tsaro Micah Parsons daga Dallas, cinikin da ya saɓa wa al'adar ƙungiyar ta shekara ashirin.

Harkar kuɗin gasar

Saboda mallakar jama'a ce, Packers ita kaɗai ke fitar da bayanin kuɗinta kowace shekara, kuma daga nan ne duniya ke sanin abin da sauran 31 ke samu daga asusun haɗin gwiwa. Rahoton 2025 ya nuna kowace ƙungiya ta karɓi dala miliyan 432.6, mafi yawansa kuɗin talabijin ne daga yarjejeniyar 2021 da CBS, Fox, NBC, ESPN da Amazon, wadda ta haura dala biliyan 100. Ana raba shi daidai wa daida. Garin da mutanensa ba su wuce 110,000 ba na samun abin da New York ke samu, kuma ba don wannan rabo da iyakar albashi ba, da wuya a ce Green Bay na da ƙungiya a yau. Magoya bayanta sun fahimci haka sarai, shi ya sa duk lokacin da ake tattaunawa tsakanin masu ƙungiyoyi da ƙungiyar ƙwadagon 'yan wasa, hankalinsu kan koma kan waɗannan abubuwa biyu.

Sun kuma ga abin da ya sami wasu. Rams ta bar St. Louis a 2016, Chargers ta bar San Diego a 2017, Raiders ta bar Oakland a 2020, duk saboda rikicin ginin fili. A Green Bay ba wanda zai ci ribar ɗauke ƙungiyar, domin ko an sayar da ita, kuɗin gidauniyar agajinta za su tafi. Mazauna gundumar Brown sun amince a ƙuri'ar raba gardama ta 2000 da ƙarin harajin saye na rabin kashi ɗaya cikin ɗari don gyaran filin, kuma sun biya shi har 2015. Filin na ɗaukar mutum sama da 81,000, tikitinsa na ƙarewa tun 1960, jerin masu jiran tikitin kaka ya haura sunaye 140,000, har iyaye kan rubuta sunan jariri tun yana goye. Idan ƙanƙara ta rufe kujeru, an sha kiran mutanen gari su zo da safe su kwashe da shebur.

Dangantakarsu da hukumar gasar ba kullum take lafiya ba. A ranar 24 ga Satumba 2012, lokacin da hukumar ta dakatar da alƙalan wasanta kan rikicin albashi ta kawo na wucin gadi, aka ba Seattle Seahawks maki a jifar ƙarshe da mafi yawan masu kallo suka ga ɗan Packers ne ya cafe. Seattle ta ci 14 da 12. Fushin da ya biyo baya ya sa cikin kwana biyu aka daidaita da alƙalan. Ana kuma gunaguni kan mayar da wasu wasanni manhajojin intanet na biyan kuɗi, da kai wasa ƙasashen waje. Packers ce ta ƙarshe a gasar da ta buga a Landan, a 2022, kuma hakan ya hana garin wasan gida ɗaya, wanda otal-otal da gidajen abinci da masu ba da hayar harabar gidansu don ajiye mota suke dogara da shi.

Damuwa mafi sabunta ta samo asali ne daga 2024, lokacin da masu ƙungiyoyi suka yarda a riƙa sayar wa kamfanonin zuba jari har kashi 10 cikin ɗari na kowace ƙungiya. Attajiri na iya tara ɗaruruwan miliyoyin daloli ta wannan hanya ya gina fili ko ya biya kuɗin sa hannu nan take. Tsarin Packers bai ba ta wannan dama ba, kuma kuɗin hannun jarin da take sayar wa magoya baya, dokar gasar ta hana a biya 'yan wasa da shi, sai dai a gyara fili. Abin da ta dogara da shi shi ne asusun ajiya na sama da dala miliyan 500, da unguwar kasuwanci ta Titletown da ta buɗe kusa da filin a 2017 don samun kuɗin shiga a watannin da ba a wasa.