Kiɗanka ya bushe? Ga amsoshin da na gaji da maimaitawa

Kusan kullum da la'asar sai wani saurayi ya shigo sitidiyona a nan Maraɗi, ya kunna mini kiɗa a wayarsa, ya ce, "Yaya, saurara, me ya rage?" Ciwon ɗaya ne, kiɗan da aka haɗa a kwamfuta ya fito babu rai, tambayoyin ma ba sa canzawa. Na tara su nan, wanda ya sake tambaya sai in ce ya karanta.

Wace manhaja zan sauke don kiɗana ya yi rai?

Babu ita. Wadda ke cikin kwamfutarka ta isa.

MIDI sauti ne?

A'a, umarni ne da ake ba kayan kiɗan lantarki ko manhaja: wace nota, yaushe, da wane ƙarfi, zuwa yaushe. Tun 1983 ake aiki da shi, Ikutaro Kakehashi na kamfanin Roland da Dave Smith suna cikin waɗanda suka assasa shi. Abin da ka rubuta masa shi zai buga, ba ƙari.

To me ya sa nawa yake fita kamar na inji?

Ka buɗe ka duba sandunan da ke ƙarƙashin notocinka. Ƙarfin bugu yana tashi daga 1 zuwa 127, kai kuma ka bar su duka a kan 100 yadda manhajar haɗa kiɗa ta FL Studio ta ajiye maka su. Wane makaɗi ka taɓa gani yana dukan fata da ƙarfi ɗaya tun farkon biki har a watse? Bugun da ke ɗauke da kiɗan ka kai shi 110, na rakiya ka sauke su 70, ƙananan da ke tsakani ko 45 ya ishe su.

Ai akwai maɓallin da ke warwatsa su da kansa, Alt da R, ba shi ke nan ba?

Wannan tambayar ce ke ɓata mini rai, domin lalaci ne aka sa masa riga. Ƙanena, ka tsaya bakin zaure da safe ka saurari mata biyu suna lugude. Taɓaryar farko ta fi nauyi, ta biyu tana biye da ita da ɗan sassauci, kuma haka abin yake komawa kowane zagaye, har lokacin da ɗaya za ta wurga taɓarya sama ta tafa. Bambancin yana da dalili, yana da gurbi. Maɓallin nan bai san inda nauyin kiɗa yake ba, sai ya ƙarfafa bugun da ya kamata ya lafa. Ka fara tsara ƙarfin da hannunka. In ka gama, ka yayyafa nasa kaɗan kamar gishiri.

In daina kwantayiz ke nan, wato sa manhaja ta jawo kowace nota daidai kan layin lokaci?

Kada ka daina, ka rage. Babbar ganga da bas su zauna daram a kan layi, su ne turke. Sauran ka bar musu ɗan wasa. Idan gudun kiɗanka bugu 120 ne a minti ɗaya, kowane bugu rabin daƙiƙa ne, wato milisakan 500, don haka jinkirta tafi da milisakan 10 ko 15 ba zai jefar da kowa ba, sai dai ya sa kiɗan ya kwanta. Ka wuce 40 kunne zai fara cewa kuskure ne.

Yaya zan sa kalangu ya yi magana a MIDI?

To, ka gyara zama, wannan ba ta amsuwa da kalma biyu.

Kalangu yana magana ne domin Hausa tana hawa tana sauka. Kuka na hawaye sama-sama ake faɗarsa, kuka ta miya kuwa sama sannan ƙasa. Makaɗi yana matse tsarkiyar da hammata fata ta ɗame murya ta hau, ya saki ta sauka, sau da yawa bayan gula ta riga ta sauka a fatar. Wannan zamewar da ke biyo bayan bugu ita ce kunnen Bahaushe ke ji ya ce an kira sunan wane. Shi ya sa idan ka jera samfurin kalangu, wato sautin bugunsa da aka ɗauka, a notoci uku kana tsalle daga wannan zuwa waccan, abin da zai fito tamkar ƙwanƙwasa ƙofa ne.

Abin da nake yi, kuma ba kullum yake cin nasara ba: kafin in taɓa komai sai in faɗi kirarin da baki, in rubuta a takarda inda murya ta hau da inda ta sauka. Sannan in buga shi da ƴar tayar lanƙwasa sauti da ke hagun fiyano. Yawancin kayan kiɗa sun zo da iyakar rabin mataki biyu sama, biyu ƙasa, wanda ya yi wa kalangu kaɗan, ni nakan buɗe shi zuwa 5, wani lokaci 7. Amma nan ma ya danganta da samfurinka. Idan gajere ne, ya mutu kafin lanƙwasar ta kai inda za ta, to aikin banza kake yi. Idan kuma ka ja shi sama da yawa sai ya sirance, ya koma kamar gwangwani. Ka nemi wanda aka ɗauka da ɗan tsawon amo, in so samu ne bugu uku ko huɗu daban-daban na murya ɗaya, kana sauya su, don kada ya riƙa fita kamar harbin bindiga.

Abu biyu kuma da ke kayar da yara. Lanƙwasar tana kama tasha ce gaba ɗaya, kuma tashoshin MIDI 16 ne, don haka ka ware wa kalangu tasa shi kaɗai, in ba haka ba duk abin da ke tare da shi zai karkace. Na biyu, ka mayar da lanƙwasar tsakiya, wato lamba 8192, kafin bugu na gaba. Na sha kwana ina neman abin da ya gurɓata kiɗa, ashe wannan ne.

Duk da haka, idan waƙar ta biki ce kuma kalangun ne zai kira sunan amarya, shawarata ka sauka kasuwa wajen mahauta ka tambayi inda makaɗinsu yake. Ka kawo shi, ka ɗauki minti goma, ka biya shi haƙƙinsa da mutunci. Na MIDI ya zauna a baya yana rakiya. Ni dai a kunnena ba a haɗa su.

Sarewata fa, ta yi daɗi amma ana cewa da sauranta?

Ba ka barin ta numfashi. Ka rera layin da bakinka, duk inda numfashinka ya ƙare ka yanke notar ka bar gurbi. Sannan ka zana CC11, wato layin MIDI mai ƙara ko rage ƙarfin sauti, ta yadda doguwar nota za ta fara a hankali, ta cika, ta lafa. Mai algaita ne kawai ke iya zarcewa, domin yana tara iska a kumatu yana shaƙa ta hanci.

Notocin fiyano da ake dannawa tare fa?

Yatsu ba sa sauka lokaci guda. Danna Alt da S, maɓallin da ke sa notocin su sauka ɗaya bayan ɗaya, amma kaɗan.

Ba ni da fiyano, da linzamin kwamfuta kawai nake aiki. In haƙura?

Haba, kada ka haƙura, da yawa daga cikinmu da haka muka fara. Zai ɗauke ka lokaci ne kurum. Ka tafa kiɗan a cinyarka, ka ɗauka a waya, ka sa shi a manhajar, sannan ka jera notocinka a kan tafinka maimakon kan layi. Idan kuma maƙwabcinka yana da tsohuwar Yamaha PSR mai ramin MIDI ko USB a bayanta, ka aro ta na yini ɗaya ka buga gangunanka da yatsa biyu. Wanda ya kauce sosai ka gyara, sauran ka bar su yadda suka faɗo.