Dokar 'Yan Ƙwadago ta 1351 a Ingila: Abin da Ta Ƙunsa

A ƙauyukan Ingila na ƙarni na 14, yawancin manoma suna zaune ne a kan ƙasar wani ubangida, wasunsu suna yi masa aiki a gandunsa na wasu kwanaki a kowane mako, kuma da yawansu ba su da ikon barin ƙauyen sai da izininsa. Annobar da ta shiga ƙasar a 1348 ta kashe aƙalla kashi ɗaya cikin uku na jama'a, hatsi ya nuna a gona babu masu girbi, waɗanda suka tsira kuwa suka fara neman ƙarin lada.

Sarki Edward na Uku ya fitar da umarni a 1349, majalisa kuma ta ƙarfafa shi da doka a 1351. Dokar ta wajabta wa duk mai lafiya, mace ko namiji, wanda bai kai shekara 60 ba kuma ba shi da gona ko sana'ar da zai rayu da ita, ya yi aiki ga wanda ya neme shi, a kan ladan da ake biya a 1346. Ubangidansa ne ke da haƙƙin fara ɗaukarsa. An ƙayyade kwabo ɗaya a yini ga mai tara ciyawa, kwabo biyu ga mai girbi a makon farko na Agusta, uku a mako na biyu, kwabo huɗu ga babban magini. An hana ba wa mai lafiya sadaka idan yana bara, an kuma umarci kowane gari ya tanadi turu, inda za a ɗaure wanda ya ƙi rantsuwar bin dokar har kwana uku ko fiye a gaban jama'a.

Ko da yake dokar ta ce a sayar da abinci a kan farashi mai sauƙi, ba ta yanka masa adadi kamar yadda ta yanka wa ladan talaka ba, kuma a nan ne rashin adalcinta ya fito fili. Masu gandu da kansu suka riƙa karya ta a ɓoye, suna ƙara wa ma'aikata abinci da giya don kada su koma gonar maƙwabci, amma tara ta fi sauka a kan ma'aikacin. A 1361 aka ƙara tsananta hukunci, har aka halatta yi wa wanda ya gudu lalas a goshi. Lokacin da manoman yankunan Kent da Essex suka yi bore a 1381, cikin buƙatunsu akwai a soke bauta wa masu ƙasa, a kuma bar kowa ya yi aiki bisa yarjejeniyar da ya amince da ita.